Kamalul Mulk, Mai Zanen Duwatsu da Ƙoramu

'Yan'uwa mata, a wannan fitowar za mu leƙa ƙasar Iran ne, mu ji tarihin Muhammad Gaffari, wanda aka fi sani da Kamalul Mulk. An haife shi a garin Kashan a ƙarni na 19, a gidan da zane gado ne, domin baffansa ma mai zane ne a fada. Ya yi karatu a makarantar Darul Funun ta Tehran. A nan Sarki Nasiruddin Shah ya ga aikinsa, ya jawo shi fada, daga baya ya ba shi wannan laƙabi.

Ya zana ƙauyuka, duwatsu da ƙoramun arewacin Tehran, kai ka ce kana tsaye a wurin. Haƙurinsa kuwa ba a magana: ɗakin madubai na fadar Golestan kaɗai ya ɗauke shi shekaru yana zanawa.

Bayan an kashe sarkin a 1896, ya tafi Turai ƙaro ilimi, sannan ya zauna a Karbala. A 1911 ya buɗe makarantar zane a Tehran, ya yaye ɗalibai masu yawa. Ya ƙare rayuwarsa a wani ƙauye kusa da Nishapur, ya rasu a 1940.

Gaskiya ya zana mutane ma, abin da malamai ke da magana a kai. Amma zanen itace, dutse da ruwa sun halatta shi. Don haka uwargida, in kin ga ɗanki yana zane a bayan littafi, kada ki yi saurin dukansa. Nuna masa bishiyar tsakar gida ya zana, ki tuna masa Wanda ya halicce ta.