Dokta Walter Miller: Likitan mishan da ya shafe rabin ƙarni a ƙasar Hausa

A cikin Turawan mishan da suka shigo arewacin Nijeriya a farkon ƙarni na 20, da wuya a sami wanda ya daɗe ko ya bar tasiri kamar Dokta Walter Miller. Ya zo ne da niyyar koya wa Hausawa rayuwar tsarki da ƙaurace wa zunubi bisa tafarkin addinin Kirista, amma ya iske al'ummar da ta riga ta mallaki nata ma'aunin halal da haram. Mutanen da suka bi shi ba su da yawa, sai dai makarantarsa da fassarar da ya yi wa Littafi Mai Tsarki sun bar gurbin da har yau ake gani.

Tasowarsa da aƙidarsa

An haifi Walter Miller a Ingila a shekara ta 1872, ya kuma yi karatun likita a asibitin St Bartholomew da ke birnin London. Ya taso ne a lokacin da wani yunƙuri na tsarkake rayuwa ya mamaye matasan cocin Ingila, musamman ta hanyar taron wa'azi na shekara-shekara da aka fara a garin Keswick a 1875. Masu wannan ra'ayi suna ganin cewa amsa sunan Kirista kawai bai wadatar ba, wajibi ne mutum ya miƙa kansa baki ɗaya ga Ubangiji, ya bar duk wani zunubin da ya san yana aikatawa, ya kuma nisanci wurare da abokan da ke jan mutum zuwa ga saɓo.

Tushen wannan koyarwa yana cikin Dokoki Goma na Attaura, da huɗubar da Kiristoci suka yi imani Yesu ya yi a kan dutse, da kuma wasiƙun Bulus, waɗanda suka yi hani ga maye da fasikanci da hassada, suka kuma yi horo da haƙuri da kamun kai. Musulmi zai ga da yawa daga cikin waɗannan ba baƙi ba ne a wurinsa. Inda aka rabu shi ne a tushe: Kiristoci sun yi imani cewa ɗan Adam yana gadon zunubi tun daga haihuwa, kuma ba ya kuɓuta sai ta hanyar Yesu, alhali a Musulunci ana haihuwar kowane yaro a kan fiɗira, kuma babu mai ɗaukar nauyin laifin wani.

Da wannan aƙida Miller ya shiga ƙungiyar mishan ta cocin Angilika, wato CMS. Kafin ya tako ƙasar Hausa, sai da ya je birnin Tarabulus na Libya, inda ya koyi harshen a bakin fatake da alhazai da sauran Hausawa mazauna can.

Tafiyar Kano

A shekara ta 1900, wadda a ranar farkonta Lugard ya shelanta kafa mulkin Ingila a arewacin Nijeriya, wata tawaga ta mutum biyar ƙarƙashin Bishop Herbert Tugwell ta taso daga Ikko ta nufi Kano, Miller yana cikinsu. Shi Tugwell ya riga ya yi suna wajen yaƙi da fataucin barasar da 'yan kasuwar Turai ke jibgewa a gaɓar tekun Afirka ta Yamma, har ma an taɓa maka shi a kotu a Ikko a 1899 saboda wata wasiƙa da ya rubuta wa jaridar Times a kan shaye-shayen Turawa.

Tawagar ta yada zango a Zariya, sannan ta kama hanyar Kano ba tare da an gayyace ta ba. Sarkin Kano Alu bai karɓe su ba, ya kuma ba su 'yan kwanaki su bar masa gari. A wurin fadar Kano, mutanen da ke da Alƙur'ani da malamai ba su buƙatar baƙon da zai koya musu sanin Allah, balle kuma baƙon da sojojin ƙasarsa ke matsowa daga kudu.

Wannan zato bai daɗe ba ya tabbata. A farkon 1903 rundunar Kanar Morland ta taso daga Zariya ta bi tsohuwar hanyar fatake da ta ratsa Bebeji. Mutanen Bebeji suka rufe ƙofa suka ƙi miƙa wuya, aka fasa ta da igwa, aka kuma yi asarar rayuka. Ranar 3 ga watan Fabrairu birnin Kano ya faɗa hannun Turawa. Tun daga lokacin ya zama da wuya talaka ya bambanta Baturen wa'azi da Baturen bindiga, kuma wannan tabo ya bi aikin Miller har ƙarshen rayuwarsa.

Zaman Zariya

Bayan korar da aka yi musu, 'yan tawagar sun koma garin Girku da ke kudu da Zariya, inda ɗaya daga cikinsu, Dudley Ryder, ya mutu. Sauran suka watse, Miller ne kaɗai ya nace. A 1905 ya sami izinin zama a cikin birnin Zazzau, a zamanin Sarki Aliyu Ɗan Sidi, ya buɗe ɗakin shan magani da makaranta.

A nan ne ya gwada aiwatar da abin da ya yi imani da shi. Tun da yake yana ganin hali daga zama yake samuwa, sai ya fi ba da ƙarfi ga makarantar kwana, inda yara za su tashi a gabansa, a tsara musu lokacin addu'a da karatu da aikin hannu da wasanni. Shi kansa bai taɓa yin aure ba, kuma ya riƙa ɗaukar ɗalibansa tamkar 'ya'yansa. Bai so su bar Hausa ko suturarsu su koma kwaikwayon Turawa ba, domin a ganinsa rayuwar Turawan bariki ba abin koyi ba ce.

Amma sharuɗɗan shiga addinin suna da nauyi. Tun a 1888 taron bishop-bishop na Angilika a Lambeth ya yanke cewa ba za a yi wa mai mata fiye da ɗaya baftisma ba. Ga magidancin Bahaushe, wannan na nufin rabuwa da matan da ya aura bisa shari'a, ga kuma yankewa daga dangi. Saboda haka, duk da shekarun da Miller ya yi yana ba da magani, Musulmin birnin da suka bi shi 'yan ƙalilan ne.

Jama'ar da ta fi karɓarsa su ne Isawa, mabiyan wani Malam Ibrahim wanda ya ba Annabi Isa, Alaihis Salam, matsayi na musamman a karatunsa, abin da malaman Kano suka ɗauka ɓata ne, har aka kashe shi a zamanin Sarki Abdullahi. Wajen 1913 wasu daga cikin zuriyar mabiyansa suka nemi Miller. Aka kafa musu ƙauye a Gimi, a ƙasar Zazzau, da nufin su zauna a keɓe su yi rayuwa irin ta Kirista tsantsa. Cikin 'yan shekaru cutar barci da ƙudan tsando ke yaɗawa ta hallaka da yawa daga cikinsu, ƙauyen ya watse, aka kwashe yaran da suka tsira zuwa makarantar Zariya.

Saɓani da masu mulki

Miller mutum ne mai kaifin harshe, wanda bai iya ganin abin da ya ɗauka zalunci ne ya yi shiru ba. Ya sha kai ƙarar hakimai da fadawa a kan cin zalin talakawa da cinikin bayi a ɓoye, kuma masana tarihi suna sanya ƙorafe-ƙorafensa cikin dalilan da suka sa Turawa suka tuɓe Aliyu Ɗan Sidi suka kai shi Lokoja, inda ya rasu a 1924. Zazzagawa da dama sun ɗauki wannan a matsayin shisshigi daga baƙon da aka ba masauki.

Bai kuma ƙyale 'yan uwansa Turawa ba. Ya soki tsarin mulki ta hannun sarakuna, yana ganin an bar talaka cikin jahilci da gangan. Su kuma jami'an mulkin mallaka, waɗanda ke riƙe da alkawarin da Lugard ya yi wa sarakuna cewa ba za a taɓa addininsu ba, sun ɗauke shi ɗan tada zaune tsaye. Shirinsa na buɗe makaranta ga 'ya'yan sarakuna bai samu karɓuwa ba, aka ba Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, aikin buɗe makarantar gwamnati a Nasarawa ta Kano a 1909. A 1929 kuma aka fitar da mishan daga cikin ganuwar Zariya zuwa Wusasa, matakin da Miller bai ji daɗinsa ba.

Abin da ya bari

Babban aikin rayuwarsa shi ne fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wadda aka buga a 1932 da haruffan boko, bayan shekaru ana aiki tare da wasu 'yan mishan da mataimaka Hausawa. Abin lura shi ne, da ya zo bayyana koyarwar addininsa, kalmomin da ya iske a bakin mutane irin su Allah da zunubi da tuba da mala'ika, duk ta hanyar Musulunci suka zauna a harshen. Wannan fassara ta taimaka wajen mayar da Hausa harshen ibada a majami'u daga Filato zuwa kudancin Kaduna da Adamawa, da kuma tsakanin Maguzawan kudancin Kano da Katsina da suka karɓi addinin daga baya.

Ƙaramar al'ummar da ya reno ta fitar da mutanen da suka yi fice. Daga cikinta aka sami Dokta R.A.B. Dikko, likitan farko ɗan Arewa kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, da John Tafida wanda ya rubuta littafin Jiki Magayi tare da Rupert East, da Farfesa Ishaya Audu, jikan Isawa, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. A Wusasa ne kuma Janar Yakubu Gowon ya tashi.

Miller ya bar CMS a tsakiyar shekarun 1930, amma bai iya zaman Ingila ba, sai ya dawo Nijeriya. A 1947 ya wallafa wani littafi wanda sunansa kansa tambaya ce ga Ingila, ko ta gaza a Nijeriya. Ya mutu a Bukuru kusa da Jos a 1952, yana da shekara 80, shekaru takwas kafin ƙasar ta sami mulkin kai.

Har yanzu ra'ayi ya bambanta a kansa. Kiristocin Hausa suna tunawa da shi a matsayin uban da ya ba su littafi da makaranta, yayin da Musulmi da dama ke kallonsa a matsayin wanda ya raina abin da ya tarar. Cocin St Bartholomew da aka gina da ƙasa a Wusasa, bisa salon ginin Hausa, tana nan tsaye a bayan birnin da ya ƙi bin addininsa amma ya bar shi ya zauna a cikinsa fiye da shekaru ashirin.