NANA ASMA'U ƊIYAR SHEHU, UWARGARI (1793-1864)

A cikin iyayen da ya kamata a tuna da su a wannan biki na cikar sarauta shekara ɗari, akwai wata tsohuwa da ba ta taɓa hawa gadon mulki ba, amma mijinta da ɗanta da jikanta duk sun riƙe waziranci tana raye, kuma matan ƙauyuka masu nisa suka ɗauke ta uwa. Ita ce Nana Asma'u, ɗiyar Shehu Usman ɗan Fodiyo, wadda mutanen zamaninta suka yi wa laƙabi da Uwargari.

Tushen gidansu yana cikin ƙasarmu. An haifi mahaifinta a 1754 a Maratta, cikin jihar Tawa ta yau. Ita kuwa an haife ta a Ɗegel a 1793, tagwaye ita da ɗan'uwanta Hasan. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tana ƙarama, sai sauran matan Shehu suka rene ta tare da ɗiyansu. A wannan gida karatu ba na maza kaɗai ba ne: ta haddace Alƙur'ani, ta karanci fiƙihu da tauhidi, ta iya Larabci da Fulatanci da Hausa.

Tana da shekara 11 rigima ta ɓarke tsakanin jama'ar Shehu da Sarkin Gobir Yunfa. A 1804 aka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu, yarinyar tana cikin ayari. Ta ga nasarar Tabkin Kwatto, ta ga asarar Tsuntsuwa inda mahaddata da yawa suka kwanta dama, ta sha yunwa da ƙaura daga zango zuwa zango har Alƙalawa ta faɗi a 1808. A cikin waɗannan shekaru aka aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, aminin yayanta Muhammadu Bello, wanda daga baya ya zama Wazirin Sakkwato. Allah ya ba su ɗiya maza shida, ɗaya ya koma tun yana jariri.

Bayan rasuwar Shehu a 1817, Bello ya zama Sarkin Musulmi, gidan Asma'u kuma ya zama matattarar malamai da manzanni. Duk da hidimar gida da renon yara, ba ta ajiye alƙalami ba. A 1820 ta rubuta Tanbihul Gafilina da Larabci. Ta mayar da waƙar mahaifinta Tabbat Haƙiƙa zuwa Hausa domin talaka ya ji gargaɗin da aka yi wa masu mulki da alƙalai da ƴan kasuwa. Ta tsara sunayen surorin Alƙur'ani a waƙe don sauƙin hadda, ta kuma jera tarihin mata salihai tun daga gidan Annabi har zuwa matan zamaninta. Abin da ya iso gare mu na ayyukanta ya kai kimanin 60.

Tarihi ba ya son ɓoye-ɓoye, musamman a gaban jikokin Katsinawa da Gobirawa. Asma'u ɗiyar gidan jihadi ce, kuma tana tare da gidansu. A 1836, a Gawakuke, rundunar Bello ta ci rundunar Gobir da Maraɗi da abokansu Abzinawa. Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda suka faɗi a fagen daga, ita kuwa ta yi waƙar nasara. Waɗanda suka tsira, ƙarƙashin Mayaƙi da Ɗan Mari, su suka kafa Tsibiri suka raya Maraɗi. Wannan ciwo ne da kakanni suka ji, kuma ba a share shi da yabo.

Sai dai abin da ta yi bayan yaƙin shi ya sa sunanta ya tsallake iyakar gaba. Yaƙe-yaƙe sun bar zawarawa da marayu da mata kamammu barjat a ƙauyuka, ba su da karatu, ba mai zuwa gare su. Asma'u ta zaɓo dattijan mata amintattu daga garuruwa, ta ilimantar da su, ta naɗa kowace a matsayin jaji, ta ɗora mata malfa da jan rawani. Masana tarihi sun nuna cewa wannan malfa alama ce ta Innar Gobir, shugabar mata da bori. Asma'u ta yi adawa da bori, amma ta gane cewa mata sun san girman wannan alama, sai ta mayar da ita alamar malanta.

Tsarin ya samu suna Ƴan Taru. Idan an gama aikin gona, jaji takan taho da ƙafa tare da tsofaffi da ƴan mata, su sauka gidan Uwargari, su koyi waƙoƙin da ke ɗauke da hukuncin tsarki da salla da azumi da haƙƙin maƙwabci. Matan aure masu goyo ba sa barin ɗakunansu. Jaji ce ke komawa ta kai musu karatun har gida, suna rerawa a bakin turmi da wajen kaɗi. Hatsi da zuma da man shanu da baƙin suka kawo, takan raba wa mabukata. Ta haka ilimi ya shiga inda allo bai taɓa shiga ba.

Tsawon rai ya zo mata da nasa nauyi. Ta binne Hasan a shekarar da ta binne mahaifinta, Bello ya rasu a Wurno a 1837, sannan mijinta, sannan ƙawarta A'isha matar Bello, sannan ɗanta Waziri Abdulƙadir. Ta yi marsiyyoyi masu yawa, kuma ba ta keɓe su ga manya ba: ta yi wa maƙwabciyarta Halima, ta yi wa jajinta Hauwa'u, tana yaba haƙurinsu da kyautatawarsu ga mutane. Kafin ta bar duniya ta ga jikanta Halilu ya gaji waziranci.

Ta rasu a 1864 tana da shekara 71, aka rufe ta kusa da mahaifinta a Hubbare. Ƙanwarta Maryam ta ci gaba da riƙon Ƴan Taru. Jikanta Buhari shi ne Waziri lokacin da Turawan Ingila suka shiga Sakkwato a 1903, ɗansa Waziri Junaidu kuma, wanda ya rasu a 1997, ya adana rubuce-rubucenta har masu bincike suka tattara su aka buga.

Ya ku sarakuna da hakimai da iyayen gari, Uwargari ta yi wannan aiki ba mota, ba rediyo, ba maɗaba'a, a zamanin da hanya ba ta da tsaro. A yau akwai ɗiya mata a karkararmu da ake cirewa daga makaranta tun ba su iya karanta wasiƙa ba, kuma maganar sarki ɗaya a fada tana iya mayar da su aji. Wanda ya yi haka ya girmama ta fiye da mai kai ziyara kabarinta.

Allah ya jiƙan Nana Asma'u, ya jiƙan duk kakanninmu da suka kwanta a ɓangarori biyu na Gawakuke, ya ja zamanin Sarki, ya zaunar da ƙasa lafiya. Amin.