Erich Korngold, Mai Tsara Kiɗan Silima

Idan kun taɓa kallon fim, kun san yadda kiɗa ke tashi in jarumi ya hau doki, ya kuma kwanta in baƙin ciki ya zo. Yawancin ƴan kallo ba su kula da shi. Hausawa sun ce gani ya kori ji. A silima ma haka abin ya ke: ido na kan hoto, kunne na ta aiki ba a sani ba. Amma kiɗan nan mutum ne ke zama ya tsara shi, sannan makaɗa da yawa su taru su buga. Yau za mu karanta labarin ɗaya daga cikin manyan masu wannan aiki, Erich Wolfgang Korngold. Kiɗan silima ya ceci ransa, kiɗan silima kuma ya jawo masa raini a garinsu.

Yarintarsa

An haifi Erich ran 29 ga Mayu 1897 a garin Birno. A lokacin garin yana cikin daular Ostiriya da Hangari, yau kuwa yana cikin ƙasar Cek. Iyayensa Yahudawa ne. Yana da shekara 4 suka koma Biyana, babban birnin daular. Biyana garin kiɗa ne. Nan Mozart ya zauna, nan Beethoven ya zauna. Uban Erich, Julius Korngold, aikinsa shi ne ya saurari kiɗa, ya rubuta ra'ayinsa a wata babbar jarida. Makaɗa suna tsoron alƙalaminsa. Saboda son Mozart ya sa wa ɗansa suna Wolfgang.

A Turai ana rubuta kiɗa a takarda da waɗansu alamu, kamar yadda mu ke rubuta magana da baƙaƙe. Mai tsara kiɗa ya kan rubuta wa kowane makaɗi rabonsa. Babbar ƙungiyar makaɗa ita a ke kira orkestir. A cikinta akwai masu gogen Turawa manya da ƙanana, da masu sarewa, da masu ƙahon ƙarfe, da masu ganga. Su kan kai mutum 80 ko fiye. Shugabansu na tsaye a gaba da ƴar sanda, yana ba su hannu.

Tun Erich yana ƙarami ya fara buga piyano, yana tsara kiɗan kansa. Bai wuce shekara 10 ba ubansa ya kai shi wurin Gustav Mahler, shugaban babban gidan opera na Biyana. Mahler ya saurare shi, ya yi mamaki ƙwarai. Ya ba da shawara a kai shi wurin wani malami, Alexander Zemlinsky. Yana da shekara 11 ya tsara kiɗan wata rawa mai suna Mutumin Ƙanƙara. A 1910 aka yi ta a babban gidan operar, yana da shekara 13. Waɗansu mutane suka ƙi yarda yaro ne ya yi. Waɗansu kuma suka ce don tsoron ubansa a ke buga kiɗansa.

Yaron dai ya ci gaba da aiki. Opera wasan kwaikwayo ne da a ke rerawa daga farko har ƙarshe, orkestir na rakiya. Ran 4 ga Disamba 1920 aka fara nuna operarsa mai suna Mataccen Birni a garuruwa biyu na Jamus a dare ɗaya, Hambur da Kolon. Yana da shekara 23. Sunansa ya zaga Turai. A 1924 ya auri Luzi von Sonnenthal, suka haifi ɗiya biyu maza, Ernst da Georg.

Tafiya Amurka

Da farko fim ba ya magana. Mai piyano ne ke zama a gaban allo yana buga abin da ya ga ya dace. Daga 1927 fim mai magana ya bayyana, aka sami hanyar ɗaukar kiɗa a haɗa shi da hoto. Manyan kamfanonin fim na Holiwud, a Amurka, suka kafa orkestir nasu, suka shiga neman masu tsara kiɗa.

A Turai kuwa zamani ya fara ɓaci. A 1933 Hitila ya hau mulki a Jamus. Gwamnatinsa ta hana buga kiɗan Yahudawa. Ƙofofin da suka buɗe wa Korngold a can suka rufe. A 1934 wani abokin aikinsa, Max Reinhardt, ya kira shi Holiwud don ya gyara kiɗan Mendelssohn a sa cikin wani fim na kamfanin Warner. Ya je, ya yi, aikin ya yi kyau. A 1935 ya tsara kiɗan fim ɗin da masu jin Faransanci suka sani da suna Capitaine Blood. Tun daga nan sai ya riƙa kai da kawowa a jirgin ruwa tsakanin Biyana da Holiwud. Zuciyarsa tana wurin opera. Ubansa kuwa bai ɗauki kiɗan silima bakin komi ba.

Yadda ya ke aiki

Korngold ya kan shiga ɗakin nuna fim shi da piyano. A nuna masa yanki ɗaya, ya ce a sake, a sake, yana bugawa yana kallo, har kiɗan ya zauna daidai da hoton. Ya ɗauki fim kamar opera ce wadda ba a rerawa.

Kun san yadda kowane sarki ke da takensa. In makaɗa suka buga take, ko ba ka ga mai shi ba, ka san wanda ke tafe. Haka Korngold ke yi wa mutanen fim. Jarumi da takensa, gimbiya da nata, mugu da nasa. Taken ya kan sake kama. In jarumi ya ci nasara, ƙahonin ƙarfe ne za su busa shi da ƙarfi. In yana cikin damuwa, goge ne zai ja shi a hankali. Masu opera sun daɗe da wannan dabara, musamman Richard Wagner. Korngold kuma yana sauraren muryar kowane ɗan wasa, ya ajiye kiɗan ƙasa da ita kaɗan don kada ya danne magana.

Shekarar 1938

A watan Janairu 1938 Korngold yana Biyana, yana shirin nuna sabuwar operarsa, Kathrin. Sai tangarahu ya zo daga Holiwud, ana nemansa da gaggawa don fim ɗin Robin des Bois. Labarin wani jarumin Ingila ne mai zama a daji, yana ƙwace dukiyar azzalumai yana ba talakawa. Korngold ya tafi da matarsa da ƙaramin ɗansu. Babban, Ernst, aka bar shi a Biyana saboda lakwal.

Da ya kalli fim ɗin sai hankalinsa ya tashi. Faɗa da takobi da sukuwa sun yi yawa, ya ga ba irin aikinsa ba ne. Ya rubuta wa kamfanin takarda, ya ce a nemi wani. Ana cikin haka labari ya iso: ran 12 ga Fabrairu Hitila ya kira shugaban gwamnatin Ostiriya, ya matsa masa lamba. Korngold ya gane komawa gida akwai haɗari. Ya karɓi aikin, amma da sharaɗin mako-mako, in ya kasa ya bari.

Ran 12 ga Maris sojojin Jamus suka shiga Ostiriya. Da kyar iyayen Korngold suka fita da Ernst a jirgin ƙasa, daga baya suka iso Amurka. Aka ƙwace gidansa na Biyana. Aka soke nuna operarsa. Cikin shekarun da suka biyo, an kashe dubun dubatar Yahudawan Ostiriya. Da ya zauna yana jiran ranar operar, da abin ya rutsa da shi.

Cikin wannan tashin hankali ya tsara kiɗan Robin des Bois a makwanni kaɗan. Ya ɗauko wani tsohon kiɗansa na orkestir mai suna Sursum Corda, ya fid da taken jarumin daga cikinsa. Wanda ya saurara zai ji kiɗa ne mai fara'a da ƙarfin zuciya, ba zai san halin da mai shi ke ciki ba. Aikin ya ci masa lambar yabo ta Oskar. Daga baya ya sha faɗin cewa fim ɗin nan ne ya ceci ransa. Da kuɗin silima ya riƙe iyalinsa, ya kuma taimaki waɗansu ƴan gudun hijira.

Mutum biyu a kamfani ɗaya

A kamfanin Warner akwai wani mutumin Biyana, Max Steiner, wanda aka haifa a 1888. Shi ya tsara kiɗan King Kong a 1933. In aka saurari kiɗan mutanen nan biyu aka gwada, za a ji kama, za a kuma ji bambanci. Dukansu suna aiki da babban orkestir, dukansu suna ba kowa takensa. Amma Steiner ya kan auna lokaci daƙiƙa-daƙiƙa, kiɗansa na bin motsin hoto sawu da sawu. A King Kong, in sarkin tsibirin na saukowa daga matakala, kiɗan na taka kowane taki tare da shi. Korngold ya fi son dogon kiɗa mai tafiya da kansa, wanda a ke iya saurare ko an kashe hoton. Steiner ya yi fim fiye da 300. Korngold 16 kaɗai ya tsara wa kiɗan kansa. A cikinsu akwai L'Aigle des mers na 1940 da Kings Row na 1942. Ya kuma sa a yarjejeniyarsa cewa yana da ikon sake aiki da kiɗansa a wajen silima.

Komawa gida

A 1945 yaƙi ya ƙare. A shekarar ubansa ya rasu. Korngold ya so ya koma ga aikinsa na farko. Ya tsara wani babban kiɗa na goge da orkestir, ya ɗauko takensa daga finafinansa huɗu. Ran 15 ga Fabrairu 1947 shahararren mai goge Jascha Heifetz ya fara buga shi a garin Sen Luwi na Amurka. Jama'a suka yi ta tafi. Da aka kai shi Niyok, waɗansu ƴan jarida suka yi masa ba'a, suka ce kiɗan Holiwud ne.

A 1949 ya koma Biyana da murna. Ya tarar garin ya sake. Da yawa daga cikin mutanen da ya sani sun mutu ko sun yi hijira. Masanan zamanin suna son wani sabon irin kiɗa, suna ganin nasa ya tsufa. Aka nuna Kathrin a 1950, ba ta daɗe ba aka janye ta. Babban kiɗan orkestir da ya gama a 1952, sai a rediyo aka buga shi a 1954, makaɗan ma ba su sami isasshen lokacin koyo ba. Ya koma Amurka da ɓacin rai. A 1956 ciwon shanyewar jiki ya kama shi. Ya rasu a Holiwud ran 29 ga Nuwamba 1957, yana da shekara 60, yana zaton an manta da shi.

Bayan rasuwarsa

Ɗansa Georg ya zama mai shirya faifai. A 1972 shi da wani shugaban orkestir, Charles Gerhardt, suka sake ɗaukar kiɗan finafinan Korngold a Landan, suka fid da shi a faifai. Ba hoto, ba magana, ba ƙarar takobi. Mutane da yawa a lokacin suka fara jin kiɗan shi kaɗai, faifan kuma ya sami kasuwa ƙwarai. Aka bi da faifan Steiner da na waɗansu. Masu saurare suka sami abin gwadawa. A 1977 fim ɗin La Guerre des étoiles ya fito da kiɗan John Williams. Waɗanda suka san Kings Row suka ji kama tsakanin mabuɗin finafinan biyu: ƙahonin ƙarfe ne ke fara busa take mai hawa sama, sannan goge su karɓa. Tun daga shekarun nan aka koma nuna Mataccen Birni a gidajen opera. Kiɗan gogen da aka yi wa ba'a a 1947 kuwa, manyan masu goge da yawa sun buga shi, sun sa shi a faifai.

In kun sake zama kallon fim, ku rufe ido na minti ɗaya, ku bar kunne ya yi aiki. Ku gwada ko za ku gane wanda ya shigo daga takensa.

Tambayoyi

1. A wane gari aka haifi Korngold, a wane gari kuma ya girma?
2. Mene ne orkestir? Faɗi kayan kiɗa uku da ke cikinsa.
3. Don me Korngold ya ƙi aikin Robin des Bois da farko? Me ya sa ya karɓa daga baya?
4. Faɗi kama ɗaya da bambanci ɗaya tsakanin aikin Korngold da na Steiner.
5. Me ya faru a 1972 da ya sa mutane suka sake sauraren kiɗansa?

Aiki

Ku tambayi wani makaɗi na garinku ya buga muku take biyu. Ku saurara da kyau, sannan ku rubuta layi biyar a kan bambancinsu.