Janar Westmoreland: Kwamandan da Bai Gaji da Neman Ƙarin Soja Ba

Duk lokacin da 'yan tawaye ko 'yan bindiga suka kai hari aka yi asarar rayuka, kiran farko da mai karatu zai ji shi ne a ƙaro sojoji. Ni ma na sha yin wannan kira a hirarmu ta malamai, domin Bahaushe ya ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Abin da ya sa na fara ja da baya shi ne tarihin Janar William Westmoreland na Amurka, mutumin da aka bai wa sojoji kusan rabin miliyan ya murƙushe tawaye a Kudancin Biyetnam, ya kuma bar ƙasar wutar tana ci fiye da yadda ya same ta.

An haifi Westmoreland ranar 26 ga Maris, 1914, a yankin Spartanburg na jihar Karolina ta Kudu. Ya kammala makarantar hafsoshi ta West Point a 1936 yana shugaban ɗaliban ajinsu. A Yaƙin Duniya na Biyu ya yi fama a Tunisiya da Sisili da Faransa da Jamus, sannan ya jagoranci sojojin laima a yaƙin Koriya. A 1954 aka tura shi kwas na gudanar da harkoki a makarantar kasuwanci ta Harvard, a 1956 kuma ya zama Manjo Janar yana ɗan shekara 42. Daga 1960 zuwa 1963 ya shugabanci makarantar da ta yaye shi. Ko shakka babu, jarumi ne mai ƙwazo da tsari. Sai dai duk yaƙe-yaƙen da suka gina shi irin na gaba da gaba ne, inda aka san bakin daga, aka san kayan abokin gaba, aka kuma san garin da za a ci.

A watan Yuni na 1964 aka naɗa shi kwamandan sojojin Amurka a Kudancin Biyetnam. A ƙarshen wannan shekara sojojin Amurka a ƙasar kimanin 23,000 ne, akasarinsu masu ba da shawara ga sojojin gwamnatin Saigon, wadda juyin mulki ya riga ya raunana. 'Yan tawayen Viet Cong kuwa, da tallafin gwamnatin kwaminisanci ta Arewa, sun riƙe ƙauyuka da dama. Maganin da Janar ya gani shi ne ƙarin soja, Shugaba Lyndon Johnson kuma ya yi ta ba shi. A ƙarshen 1965 adadin ya kai kimanin 184,000, a 1966 ya kai 385,000, a ƙarshen 1967 kuma ya doshi 485,000. Mujallar Time ta zaɓe shi gwarzon shekarar 1965.

Dabararsa ita ce a bi abokin gaba cikin daji a hallaka shi, a yi ta kashewa har a kai matsayin da waɗanda ake kashewa za su fi waɗanda ake ɗauka yawa. Tunda babu garin da za a ci a kafa tuta, sai ƙidayar gawa ta zama ma'aunin nasara. A matsayina na mai nazarin harshe, nan ne abin ya fi ɗaukar hankalina. Idan aka ce nasara tana nufin yawan gawa, kuma ƙarin girman hafsa ya rataya a kan wannan lissafi, to kalmar abokin gaba sai ta fara faɗi har ta haɗiye manomi da matarsa. Haka aka riƙa ayyana wasu yankuna a matsayin wuraren da aka halatta harbin duk abin da ya motsa, aka kwashe mutane daga gonakin kakanninsu zuwa sansanoni. Kisan ɗaruruwan farar hula a ƙauyen My Lai, ranar 16 ga Maris, 1968, ya auku ne yana kan kujerar kwamanda, ko da yake ba shi ya ba da umarnin ba.

Lissafin kansa ma bai tsaya ba. A kowace shekara samari kimanin 200,000 ke kai shekarun shiga soja a Arewacin Biyetnam, shugabanninsu kuma a shirye suke su jure asarar da jama'ar Amurka ba za su jure ba. Su ne ke zaɓar ranar faɗa da wurinsa. In sun ji wuta su tsallaka Laos ko Kambodiya. Sojan Amurka zai share ƙauye da rana ya koma sansani, da dare 'yan tawaye su dawo su hukunta duk wanda aka gani yana magana da baƙi. Daɗin daɗawa, sojan shekara ɗaya yake yi a sauya shi, kuma ƙalilan ne ke jin harshen Biyetnam, harshe mai karin sauti kamar Hausa, wanda sauya murya kaɗan ke sauya ma'anar kalma. Wanda bai ji abin da ake faɗa a kasuwa ba, yaya zai bambanta mai noma da mai dasa nakiya? Da ɗan gari akan ci gari. Sojojin kundunbala na ruwa sun gwada zaunar da ƙananan rukunoni a cikin ƙauyuka tare da mayaƙan sa-kai na wurin, amma Janar ya ga hakan zai cinye masa mutanen da yake bukata don manyan farmaki, shirin bai taɓa faɗaɗa sosai ba.

Sakamakon a fili yake. Sojojin Amurka da suka mutu sun tashi daga kusan 2,000 a 1965 zuwa sama da 6,000 a 1966, sama da 11,000 a 1967, da kusan 17,000 a 1968. Asarar 'yan ƙasar ta ninka wannan nesa ba kusa ba. Duk da haka, a Nuwamba 1967 ya shaida wa 'yan jarida a Washington cewa an fara hango ƙarshen yaƙin. Wata biyu da 'yan kwanaki bayan nan, a ƙarshen Janairu 1968, lokacin bikin sabuwar shekara na Tet, 'yan tawaye suka afka wa garuruwa sama da 100, suka kutsa harabar ofishin jakadancin Amurka a Saigon, aka shafe kusan wata guda ana gwabzawa a birnin Hue. A fagen fama an fatattake su, sun kuma yi mummunar asara. Amma da labari ya fito a watan Maris cewa ana neman ƙarin soja 206,000, sai jama'a suka daina gaskata alƙaluman. Johnson ya ƙi bayarwa, ranar 31 ga Maris ya sanar ba zai sake tsayawa takara ba, a watan Yuni kuma Janar Creighton Abrams ya gaji Westmoreland.

Adalci ya wajaba a nan. Masu kare shi suna cewa rundunonin Arewa masu manyan makamai yake fuskanta ban da 'yan sari-ka-noƙe, an kuma hana shi bin su ƙetaren iyaka, sannan gwamnatin Saigon da yake karewa cin hanci ya yi mata katutu. Duk gaskiya ne, kuma ƙarin sojan ya hana Saigon faɗuwa a 1965. Amma wannan hujja ita ce ke nuna iyakar abin: soja na iya sayen lokaci, ba zai iya sa talaka ya amince da gwamnatin da ke zaluntarsa ba. Ya riƙe muƙamin hafsan hafsoshin sojan ƙasa daga 1968 zuwa 1972, ya nemi takarar gwamna a jiharsa a 1974 bai samu ba. Saigon ta faɗi a Afrilu 1975. Da gidan talabijin na CBS ya zarge shi a 1982 da rage adadin abokan gaba a rahotanni, ya kai ƙara yana neman dala miliyan 120, ya janye a 1985. Ya rasu ranar 18 ga Yuli, 2005, yana da shekara 91.

Bayansa an sake gwadawa. A Iraƙi a 2007 an ƙara soja kusan 30,000 kuma kashe-kashe sun ragu ƙwarai, amma hakan ya zo ne tare da juya bayan da ƙabilun Anbar suka yi wa Alƙa'ida, da tsagaita wutar Muƙtada Sadr, da zaunar da sojoji a cikin unguwanni. Da siyasa ta lalace, Mosul ta faɗi a 2014. A Afganistan an kai soja kusan 100,000 a 2011, Kabul ta faɗi a 2021. Mu ma a nan an kafa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa a 2013, aka buɗe runduna ta 7 a Maiduguri, amma a 2014 ne Boko Haram ta fi kame garuruwa.

Ba ina cewa kada a ƙara soja ba, domin ƙauyen da babu mai tsaronsa ganima ne. Abin da nake roƙo shi ne, idan an ce an tura dubu kaza, ko an kashe ɗari kaza, mu tambaya ko sojan zai kwana a garin, ko yana jin harshen mutanensa, ko alƙali da malamin makaranta za su biyo bayansa, ko manomi ya koma gona. Waɗannan ne alƙaluman da Westmoreland bai sa a gaba ba. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.