Gary Kildall: Malamin da ya ƙirƙiro BIOS, wasu suka kwashe ribar

Duk wanda ya taɓa kai kwamfutarsa gyara a Dutsin-Ma ya san abin da mai gyara yake fara yi. Kafin ya ɗauko sukundireba, sai ya kunna ta, ya yi ta danna F2 ko F10 ko Del, har wani allo mai launin shuɗi ko ruwan toka ya bayyana. A nan yake duba ko kwamfutar tana ganin faifan ajiyarta, ko RAM ya zauna daidai, ko kuma kwanan wata ya koma baya saboda ɗan ƙaramin batirin ciki ya mutu.

Garin da ke da Jami'ar Tarayya da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita ba ya rabuwa da irin wannan aiki. Ɗalibin da ya taso daga Ɗantutture ko Kurfi da laftof ɗinsa na hannu, aikin makarantarsa kaf yana ciki, hankalinsa ba ya kwanciya sai ya ji abin da allon nan ya nuna. Sunan wurin BIOS, kuma ko yaron shago ya san sunan. Amma da wuya a samu wanda ya san mutumin da ya raɗa shi, wato Gary Kildall, wani malamin lissafi da kwamfuta ɗan Amurka da ya rasu a 1994.

Ɗan gidan matuƙa jirgin ruwa

An haifi Gary Arlen Kildall ranar 19 ga Mayun 1942 a birnin Seattle na jihar Washington. Danginsa 'yan asalin ƙasar Norway ne ta wajen uba, kuma sana'ar gidansu ita ce makarantar koyar da tuƙin jirgin ruwa. A can ya fara sanin amfanin lissafi, domin matuƙin da ya kuskure lissafin hanya a teku ba ya isa inda ya nufa.

Ya shiga Jami'ar Washington da niyyar zama malamin lissafi, sai kwamfuta ta ɗauke masa hankali. Ya yi digirin farko a 1967, ya yi na biyu, sannan ya kammala digirin digirgir a kimiyyar kwamfuta a 1972. A lokacin ana yaƙin Vietnam, matasa na yin aikin soja na dole. Shi nasa rabon ya faɗa kan koyarwa a makarantar manyan hafsoshin sojan ruwa da ke Monterey a jihar California.

A zamanin nan kwamfuta kayan gwamnati ne da manyan kamfanoni, takan cika ɗaki guda. Amma a 1971 kamfanin Intel ya fitar da 4004, wata 'yar mitsitsiyar ƙwaƙwalwar kwamfuta da ba ta kai girman ɗan yatsa ba. Kildall ya samu ɗaya, ya fara rubuta mata manhajoji. Daga nan Intel suka ɗauke shi aikin wucin gadi a ranakun da ba ya aji. A 1973 ya ƙirƙiro musu PL/M, harshen rubuta manhaja da ya sauƙaƙa wa injiniyoyi aiki da waɗannan ƙananan ƙwaƙwale.

Faifan da ya rasa mai yi masa magana

Babbar matsalar ƙananan kwamfutocin farko ita ce wurin ajiya. A jikin doguwar takarda mai huda-huda ake adana manhaja, kuma loda ta kan ci lokaci. Kildall ya samu wata na'urar karanta faifan fulofi daga kamfanin Shugart. Faifan mai faɗin inci takwas ne, yana ɗaukar kusan kilobayit 250, abin da ko hoto ɗaya na wayar zamani ba zai shiga ba. Duk da haka a wancan lokaci babbar taska ce.

Sai dai na'urar ta daɗe a ajiye, domin babu abin da zai haɗa ta da kwamfutar. Kildall gwanin manhaja ne, ba gwanin haɗa wayoyi ba. Abokinsa na jami'a, John Torode, shi ya ƙera allon da ya haɗa su, shi kuma ya rubuta manhajar da za ta tsara yadda ake ajiye fayil a faifai da yadda ake ɗauko shi. A 1974, a garin Pacific Grove, abin ya yi aiki. Sunan manhajar CP/M.

Ya nuna wa Intel, amma ba su ga alfanunta ba. Sai shi da matarsa Dorothy suka kafa nasu kamfanin, wanda daga baya aka sani da Digital Research. Suna tallata CP/M a mujallun masu sha'awar kwamfuta, suna aika faifan ta gidan waya. Shi yana rubuta manhaja, ita tana riƙe da harkar kasuwanci.

Dabarar da ta haifi BIOS

A shekarun 1970 kowane kamfani da irin kwamfutarsa. Yadda wannan ke magana da firinta daban, yadda waccan ke karanta faifai daban. Manhajar da aka rubuta wa ɗaya ba ta aiki a ɗayar sai an sake ta tun daga tushe. Da masu ƙera kwamfuta irin su IMSAI suka fara neman CP/M, Kildall ya ga cewa in zai riƙa sake rubuta wa kowa, aikin ba zai ƙare ba.

Sai ya raba manhajar kashi uku. Kashi na farko yana karɓar umarnin mai amfani. Na biyu yana kula da fayiloli. Na uku kuma, wanda ya fi su ƙanƙanta, shi kaɗai ke magana kai tsaye da ƙarafan kwamfutar: madannai, allo, firinta da faifai. Wannan na ukun shi ya kira BIOS, taƙaitaccen suna mai nufin tsarin farko na shigar da bayani da fitar da shi. A 1975 sunan ya fara bayyana a cikin CP/M.

Aikin BIOS kamar na tafinta ne a fada. Baƙo ba ya buƙatar koyon harshen kowane gari, muddin akwai tafinta. Duk kamfanin da ya ƙera sabuwar kwamfuta, ɗan wannan kashi kawai zai gyara ya dace da kayansa, sauran manhajar ta zauna yadda take.

Abu biyu suka biyo baya. Na farko, masu rubuta manhaja suka samu kasuwa ɗaya babba maimakon ƙanana barkatai. Shi ya sa WordStar ta buga rubutu da dBase ta adana bayanai suka bunƙasa a kan CP/M, kuma kwamfutoci irin su Osborne 1 da Kaypro suka fito da ita. Na biyu, gano matsala ya zo da sauƙi. Tunda an ware inda manhaja ke haɗuwa da ƙarfe, mai gyara na iya tambayar kansa: laifin kayan ne ko na manhaja? Wannan tambaya ita ce mafarin sana'ar gyaran kwamfuta har gobe.

CP/M ta kuma zo da ƙananan manhajojin taimako da masu aiki ba sa rabuwa da su. PIP na kwafar fayil daga faifai zuwa faifai ko zuwa firinta. STAT na nuna sauran wurin da ya rage. DDT kuma na bin manhaja taki-taki don gano inda ta kuskure. Ta hanyar CP/M ne kuma ƙananan kwamfutoci suka saba da kiran faifai da harafi, A da B na fulofi. Dalilin ke nan da babban faifan ajiya a Windows ya zama C har yau, ko da yake fulofin kansa ya daɗe da ɓacewa.

Zuwa 1981, kamfanin Digital Research na samun sama da dala miliyan biyar a shekara, kuma CP/M ce kan gaba a fagenta.

Ranar da IBM ta zo

A 1980 katafaren kamfanin IBM ya yanke shawarar shiga kasuwar ƙananan kwamfutoci, kuma cikin gaggawa. Wakilansa sun fara zuwa wajen Bill Gates na Microsoft, wanda a lokacin harsunan rubuta manhaja yake sayarwa. Da suka tambayi babbar manhajar da za ta tafiyar da kwamfutar, Gates da kansa ya tura su wajen Kildall, domin sun san juna.

Ranar da wakilan suka isa Pacific Grove, Kildall ya tuƙa ƙaramin jirgin samansa tare da abokin aikinsa Tom Rolander don kai wa wani abokin ciniki kaya. Dorothy ce ta tarbe su, kamar yadda ta saba da masu neman lasisi. IBM ta gabatar da takardar rufe sirri mai tsauri, ita kuma, bisa shawarar lauyan kamfanin, ta ƙi sa hannu nan take. Daga nan ruwayoyi suka bambanta. Kildall da Rolander sun tsaya a kan cewa ya dawo ya gana da su a ranar, wasu daga ɓangaren IBM kuma ba su tuna hakan ba. Abin da ba a jayayya a kai shi ne ba a ƙulla ciniki ba. Ga saɓani kan yadda za a biya, ga kuma sigar CP/M ta sabuwar ƙwaƙwalwar Intel da IBM ta zaɓa ba ta kammala ba.

Microsoft ba ta yi sanya ba. Ta nemo wata manhaja mai suna 86-DOS, wadda Tim Paterson na kamfanin Seattle Computer Products ya rubuta ta yadda za ta karɓi umarni irin na CP/M. Ta fara ɗaukar lasisinta, sannan ta saye ta ɗungurungum a Yulin 1981 kan dala 50,000. Ranar 12 ga Agustan 1981 kwamfutar IBM PC ta fito da ita a ƙarƙashin sunan PC DOS.

Kildall ya ɗauki hakan a matsayin kwaikwayon aikinsa. Paterson kuma ya dage cewa da hannunsa ya rubuta tasa, dacewa kawai ya nema. Don kauce wa shari'a, IBM ta amince ta sayar da CP/M-86 ita ma, mai saye ya zaɓa. Amma da farashi ya fito, PC DOS dala 40 ce, CP/M-86 kuma dala 240, ga shi ta iso kasuwa a makare. Ciniki ya ƙare tun kafin a fara. Abin da ya fi komai muhimmanci shi ne Microsoft ta riƙe 'yancin sayar da manhajar ga sauran kamfanoni da sunan MS-DOS, kuma daga nan dukiyarta ta taso. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ita kuwa dabarar BIOS ba ta mutu ba. IBM ta ɗauki sunan, ta dasa tata sigar a cikin ƙwaƙwalwar dindindin da ke jikin babban allon kwamfutar, tare da gwajin da na'urar ke yi wa kanta da zarar an kunna ta. Ƙarar nan ta ɗit da tsofaffin kwamfutoci ke yi, wadda mai gyara ke ƙirgawa don sanin ko RAM ne ko katin hoto ya lalace, daga nan ta samo asali. Kwamfutocin yanzu sun koma wani sabon tsari mai suna UEFI, amma bakin mutane bai bar tsohon sunan ba.

Bayan guguwa

Kildall bai daina ƙirƙira ba. Kamfaninsa ya fitar da GEM a 1985, manhajar da ake sarrafawa da hotuna da linzami, sannan DR DOS a 1988 don gogayya da MS-DOS. Wani kamfanin da ya kafa ya taka rawa wajen sanya kundin ilimi na Grolier a faifan CD a 1985. Daga 1983 ya shafe shekaru yana gabatar da shirin talabijin na Computer Chronicles tare da Stewart Cheifet, yana bayyana wa jama'a sabbin na'urori cikin sauƙi. Malantar ba ta taɓa barinsa ba.

Bai mutu matalauci ba. A 1991 kamfanin Novell ya sayi Digital Research, ya samu dukiya mai yawa, ya koma kusa da Austin a jihar Texas, inda ya riƙa taimaka wa yara masu ɗauke da cutar HIV. Abin da ya ci masa rai shi ne labarin da ya bi shi ko'ina, cewa ya tafi shawagi a jirgi ya bar arziki a ƙofar gida. Aurensa da Dorothy ya mutu a 1983, kuma a ƙarshen rayuwarsa ya yi fama da shan barasa.

A 1992 Jami'ar Washington ta yi bikin cikar sashen kwamfutarta shekara 25. Ta gayyaci Kildall, tsohon ɗalibinta, a matsayin ɗan kallo, ta ba Gates, wanda bai yi karatu a can ba, babban jawabin taron. Wannan ya sa ya zauna ya rubuta tarihin rayuwarsa, wanda bai kai ga bugawa ba. Sai a 2016 'ya'yansa suka amince aka fitar da wani ɓangare nasa.

Ranar 8 ga Yulin 1994 ya ji rauni a ka a wata mashaya a Monterey. Bayan kwana uku, ranar 11 ga wata, ya rasu a asibiti yana da shekara 52. An binne shi a Seattle.

Karramawa ta zo bayan ransa. A 1995 ƙungiyar masu buga manhaja ta Amurka ta yaba da gudunmawarsa, sannan a Afrilun 2014 ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta kafa allon tunawa a tsohon ofishin kamfaninsa da ke Pacific Grove, inda aka ambaci CP/M da BIOS.

Ga matasan da ke koyon gyara ko rubuta manhaja a Dutsin-Ma, Katsina ko titin Beirut na Kano, rayuwar Kildall na ɗauke da darasi biyu. Iya aiki daban, iya ciniki daban, kuma takardar yarjejeniya da farashi na iya rinjayar gwaninta. Amma aikin da aka gina a kan tunani mai kyau yakan daɗe fiye da kamfanin da ya yi shi. Digital Research ta shuɗe, fulofi ya ɓace, amma duk safiya akwai mai gyaran da ke danna F2 yana jiran allon da ke ɗauke da sunan da Kildall ya raɗa tun 1975.