Kori ten Bom, Mai Gyaran Agogo ta Birnin Harlem

An haifi Kori ten Bom a ƙasar Holan ran 15 ga Afrilu, 1892, ta kuwa girma a birnin Harlem. Ubanta Kasfa mai gyaran agogo ne, shagonsa a ƙasa, iyalinsa a bene. Kowace safiya da maraice yakan tara gidan a karanta Littafi Mai Tsarki. Kori ta koyi sana'ar ubanta, har a 1922 ta zama mace ta fari a ƙasarsu da aka ba ta takardar shaidar wannan aiki. Ba ta yi aure ba. Tana koyar da 'yan mata, tana kuma tara masu raunin hankali domin sujada.

A watan Mayu, 1940, rundunar Hitila ta mamaye Holan. Sababbin masu mulki suka shiga kama Yahudawa suna kai su sansani inda ake karkashe su. Wanda duk ya ɓoye Bayahude, ransa yana cikin hatsari. Mutane da yawa suka kau da ido, gama tsoro ya kama su. Amma a 1942 wata Bayahudiya ta zo ƙofar Kasfa tana neman mafaka, tsohon kuwa ya karɓe ta. Daga nan gidan ya zama zango. Aka gina bangon ƙarya a ɗakin kwanan Kori, da wani ɗan lungu a bayansa wanda mutum shida za su iya tsayawa ciki.

Bari mu lura da inda taimako ya fito. A lokacin nan ba a sayen abinci sai da katin rabo, Yahudawa kuwa ba su da shi. Kori ta tafi wurin wani ma'aikacin ofishin rabo, uban wata yarinya mai rauni da ta daɗe tana koyarwa, shi kuwa ya ba ta kati ɗari. Alherin da ta shuka a kwanakin salama, shi ta girba a kwanakin wahala.

Ran 28 ga Fabrairu, 1944, wani ɗan ƙasarsu ya bashe su. Aka kama su duka, amma ba a gano mutum shidan da ke bayan bango ba, bayan kwana biyu abokai suka fitar da su. Kasfa, mai shekara 84, ya mutu bayan kwana goma. Aka kai Kori da yayarta Betsi sansanin mata na Rabensburuk a Jamus. Can suka sha yunwa da sanyi da aikin dole. Duk da haka sun shiga da ɗan ƙaramin Littafi Mai Tsarki a ɓoye, da dare suna karanta wa mata na ƙasashe dabam dabam. Betsi tana jin tausayin masu tsaronsu, gama ta ga ƙiyayya ta ɗaure su fiye da yadda waya ta ɗaure fursuna. Ta mutu ran 16 ga Disamba, 1944. Kafin ƙarshen watan aka saki Kori, daga baya ta ji cewa kuskuren magatakarda ne.

Da yaƙi ya ƙare a 1945, ta buɗe gida domin waɗanda suka fito daga sansani. Abin da ya fi wannan wuya, ta kula har da 'yan ƙasarta da suka goyi bayan abokan gaba, waɗanda kowa ya tsana. Ta rubuta wa mutumin da ya bashe su takarda ta gafarta masa. A 1947, bayan ta yi magana a wani ɗakin sujada a birnin Munik, ɗaya daga cikin masu tsaron Rabensburuk ya zo ya miƙa mata hannu yana roƙon gafara. Zuciyarta ta ƙi, hannunta ya yi nauyi. Ta yi addu'a a ranta, sa'an nan ta miƙa hannun. Ta zaga ƙasashe fiye da 60 tana ba da wannan shaida, ta rasu a Amurka ran 15 ga Afrilu, 1983, ranar da ta cika shekara 91.

Mu ma mun san kwanakin da maƙwabci yakan ji tsoron maƙwabcinsa saboda kabila ko addini ko jam'iyya. Waɗanda Kori ta ɓoye ba 'yan ikkilisiyarta ba ne, ba ta kuwa tambayi bangaskiyarsu kafin ta buɗe ƙofa ba. Ba ta jira sai zuciyarta ta yi sanyi kafin ta yi gafara ba, ta yi biyayya tukuna. Bari mu karanta Matiyu sura 5 da Romawa sura 12 tare, kowannenmu kuma ya tambayi kansa: in tashin hankali ya zo garinmu gobe, wane ne zai iya ƙwanƙwasa ƙofarmu da tabbacin za a buɗe masa?