MARIGAYI ALHAJI ADAMU HALILU: GWANIN MAJIGI DA AIKINSA YA KUSA SALWANTA

'Yan uwana tsofaffin ɗalibai da malamanmu masu girma, a wannan fitowa na ga ya dace in kawo muku tarihin wani bawan Allah wanda da yawa daga cikinmu mun amfana da aikinsa ba tare da mun san sunansa ba. Mu da muka tashi a Takur da sauran unguwannin Dutse tun kafin ta zama babban birnin Jihar Jigawa a 1991, mun san yadda gari ke ɗinkewa idan aka ce motar majigi ta iso. Fina-finai irin su Baban Larai, mai koyar da noman auduga, su ne silimarmu ta farko. To, ɗaya daga cikin 'yan Arewa da suka fara riƙe kyamara a wannan fage shi ne Alhaji Adamu Halilu.

An haife shi a Garkida, cikin Jihar Adamawa ta yanzu, a shekarar 1936. Ya kama aiki a sashen fina-finai na Gwamnatin Jihar Arewa, sa'an nan ya ƙaro ilimin rubuta labarin fim da tace shi a Landan da Rum. Da ya dawo gida sai ya duƙufa wajen shirya fina-finan wayar da kai a kan lafiya da noma da zaman jama'a. Cikinsu akwai Mama Learns a Lesson na 1963, wanda ya jawo hankalin mata ga zuwa asibiti lokacin goyon ciki da haihuwa. A wancan zamani da karatun boko bai yaɗu ba, abin da takarda ta kasa isarwa ƙauye, majigi ne ke isar da shi a dare ɗaya.

Babban aikinsa, wanda ya sa sunansa ba zai ɓace ba, shi ne fim ɗin Shaihu Umar na 1976. Duk wanda ya zauna ajin Hausa a makarantarmu ya san littafin, wanda Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta aka buga a 1934. Labari ne na yaron da aka sace aka bautar, aka ƙetara Hamada da shi, ya zama babban malami, alhali mahaifiyarsa na can tana shan wahalar nemansa. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo, Adamu Halilu kuma ya ɗauke shi a fim da harshen Hausa, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihun. Tsawonsa ya haura sa'a biyu, an kuma nuna shi a bikin FESTAC na 1977 a Legas. Bayan wannan ya shirya Kanta of Kebbi, kan tarihin jarumin Kabi. Daga baya ya shugabanci Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, wadda aka kafa dokarta a 1979, mai hedkwata a Jos. Allah ya yi masa rasuwa a 2001.

Abin da ya fi damuna a tarihin nan shi ne abin da ya biyo baya. Shekaru da dama aka ɗauka fim ɗin Shaihu Umar ya ɓata ke nan. Zaren fim ba ya jure zafi da laima. In aka bar shi a ɗakin da ba sanyi, sai ya fara tsami, ya motse, launinsa ya koɗe, daga ƙarshe ya manne wuri ɗaya. Sai a 2016 aka gano gwangwanayensa cikin tsofaffin kayan Hukumar, bisa ƙoƙarin masu kishin fim irin su Didi Cheeka. Cibiyar Arsenal ta birnin Balin a Jamus ta gyara shi, ta mayar da shi na kwamfuta, aka sāke nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018. Da an ƙara wasu shekaru, da sai dai labari. Wannan ne amfanin ma'ajiyar fina-finai da sauti ta ƙasa da ke Jos, da gidajen tarihi irin su Gidan Makama a Kano da Arewa House a Kaduna, inda ake adana tsofaffin hotuna da takardu.

To jama'a, idan aikin mutum kamar Adamu Halilu, wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa, zai iya kusan salwanta, ina ga namu? Kowannenmu yana da hotunan aji, da na wasannin gidaje, da na ranar rabon kyaututtuka, suna can ƙasan adaka gara na ci. Wasu malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, hoto ɗaya tak ya rage nasu a duniya. Shawarata ga shugabannin ƙungiya ita ce a nemi ɗaki guda a makaranta, a kafa ɗan kwamiti ya tattara hotuna da kaset-kaset, a rubuta suna da shekara a bayan kowanne tun masu gane fuskokin suna raye, a kuma kwafe su a kwamfuta. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Allah ya jiƙan Alhaji Adamu Halilu, ya gafarta masa, tare da malamanmu da 'yan ajinmu da suka rasu. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani, amin.